Sandar Luggere

Kachalla Sembe, Jalingo
12 ga Disamba, 2022

Ɗana Abdulmuttalib,

Ina gaishe ka da kyau, kai da Zulfa da yaran nan biyu da har yau a hoto kawai na san su. Mu nan lafiya lau, in ka cire gwiwata ta hagu da ta ƙi bari in tsufa cikin mutunci. 'Yata Hope ce za ta ɗauki hoton wannan takarda ta turo maka. Ta ce in kira ka a waya mana, na ce a'a. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, na san bambancin abin da yaro ya faɗa da abin da ya rubuta. In ka tashi ba ni amsa, kai ma ka zauna ka rubuta.

Kada ka ce wace ce wannan. Ni ce Keziah, yapendonka, wato innarka, ni da marigayiya mahaifiyarka kakanmu ɗaya. Mu muna ce mata Alisabatu, dangin babanka suna ce mata Hadijatu, duka biyun tana amsawa. Rabona da kai tun ranar da na zo muku ta'aziyyarta.

Ranar Asabar na je Mutum Biyu wajen ƙanena Tobiya, ya ɗauke ni a babur zuwa Luggere, fadamar nan ta wajen kogi inda yake noman rani. Na tarar da turakun siminti masu jan kai an kafa su a jere har inda ido ya ƙure. Ƙarƙashin giginya kuma ga tantin sojoji. An manna takarda a jikin allo cewa za a ba wani kamfanin rake na ƙasar waje hayar wurin shekara hamsin, kwamiti zai zauna a nan Jalingo watan shida ya tabbatar. Akwai taswira a jiki, an rubuta fili ne da ba kowa a cikinsa. Ina tsaye ina karantawa, shinkafar Tobiya tana taɓa mini idon sawu.

A ƙasan taswirar akwai sunan safiyon da ya sa hannu: Abdulmuttalib Saleh. Na ce wa Tobiya suna ai iri ne. Amma na dawo gida na kasa cin tuwo. Kai ne?

Yapendonka,
Keziah


Legas
8 ga Janairu, 2023

Yapendo,

Barka da Kirsimeti, barka da sabuwar shekara. Na ji kunya da takardarki ta zo, domin ni ya kamata in fara nemanki. Allah ya ba gwiwa lafiya. Zulfa tana gaishe ki, ta ce rubutunki ya fi na injin ofishinmu kyau.

Ni ne. Ba zan ɓoye miki ba, kuma da na ga sunan ƙaramar hukumar Gassol, inda Mutum Biyu take, a fayil ɗin har daɗi na ji, na ce yau aiki ya kai ni ƙasar uwata. Ofishinmu ne kamfanin raken ya ɗauka ya yi masa awo. Ban je wurin da ƙafata ba, yanzu ba haka ake yi ba. Na yi aiki da hotunan tauraron ɗan'adam, kuma abin da na gani ruwa ne da ciyawa, ba gida ko ɗaya, ba shinge, ba kabari. Sannan an tura ma'aikata biyu suka je har sau biyu suka tambayi mutane. Rahotonsu yana gabana yanzu. Shugaban manoma, wanda yanzu na gane Kawu Tobiya ne, ya ce ƙasar ba tasu ba ce. Shugaban masunta ya ce ba tasu ba ce. Arɗon makiyaya ma haka. Kowannensu ya dangwala yatsa. Yapendo, a kan me zan ƙi sa hannu?

Ina roƙon ki dubi ɗaya gefen. Za a ɗauki matasa aiki, za a yi titi, sun ce har asibiti. Shekara nawa 'yan Taraba suna tahowa Legas neman abin yi, ni ma ga ni nan. Sojojin kuma saboda masu satar mutane aka kai su, Turawan kamfani ba za su shiga daji ba tsaro ba. Duniya ta wuce zamanin fartanya, in ba mu karɓa ba wata jihar za ta karɓa.

In Kawu Tobiya yana da shuka a ciki, ki turo mini sunansa cikakke, zan ga an biya shi diyya.

Ɗanki,
Abdulmuttalib


Kachalla Sembe
24 ga Janairu, 2023

Abdulmuttalib,

Gaisuwa ta iso, ka ce wa Zulfa na gode, tana da ido. Gwiwa da sauƙi.

Ka riƙe diyyarka tukuna, ka gyara zama in koya maka abin da uwarka ta manta ba ta koya maka ba.

Luggere masu ita uku ne, amma ba a lokaci ɗaya ba. Daga watan bakwai Binuwai ke cika ya malale ta gaba ɗaya, sai ta zama ta masunta. In ruwa ya ja a watan goma sha ɗaya, ya bar laka mai kyau, sai manoma su shiga. In an girbe a watan uku, sai Fulani su sako shanu su ci kara da harawa, su bar taki. Takin nan shi kifi ke bi in ruwa ya dawo, shi ne kuma ƙarfin shinkafar baɗi. Akwai wata sandar gora, duk ta yi baƙi saboda hannu. Wanda lokacinsa ya ƙare yakan kai ta har gida wajen wanda lokacinsa ya zo, ya haɗa da ɗan abin da ya samu: masunta da bandar kifi, manoma da damin shinkafa, Fulani da man shanu. Muddin sanda ba ta hannunka, abin kunya ne ka buɗe baki ka ce ƙasar taka ce. Tun ina yarinya na ga an ci wani tarar akuya a kan haka.

To ma'aikatanka sun fara zuwa a watan tara na bara waccan, ruwa ya shafe ko'ina. Na tambayi Tobiya me ya ce musu. Ya ce, "Yaya, sun ce wannan wuri naku ne? Na ce ba namu ba ne, na masu ruwa ne. Ƙarya ne zan yi?" Arɗo Umaru ma a ranar suka same shi a tudu, ya ba su amsa iri ɗaya. Ba su nemi masu ruwan ba sai da suka dawo a watan biyu na bara, suka tarar da Manasseh shugaban masunta yana ɗinkin taru a gida, ya ce musu yanzu kam ta manoma ce. Mutum uku sun faɗi gaskiya, ku kuka tara ta ta zama ƙarya. Hotonka na sama kuma ina jin da damina aka ɗauka.

Ban ce rayuwar Luggere aljanna ba ce. Akwai sauro, akwai shekarar da ruwa ke cinye komai, yaransu da yawa sun gudu birni kamar yadda ka ce. Amma ƙasa ɗaya tana ciyar da ƙabila uku masu addini biyu, ba taki na buhu, ba ɗan sanda. Shekarun da aka yi ta kashe-kashe tsakanin manoma da makiyaya a jihar nan, ba a zubar da jini a Luggere ba, domin wanda za ka sara yau shi zai kawo maka sanda gobe. Ni a ganina wannan ma dabarar tattalin arziki ce, ko da ba a koyar da ita a makarantarku. Mai kamfanin nan yana zaune a ƙasar da ko sunan Gassol ba zai iya faɗa ba. Ranar da sukari ya faɗi a kasuwarsu zai kwashe injinansa ya tafi, kuma kifi ba zai dawo ramin rake ba.

Batun sojoji, lokacin da aka kawo su har shewa mata suka yi. Sai dai masu satar mutane suna can dajin kudu, tantin kuma yana jikin turaku. Da na matsa zan karanta allo, wani yaro a cikinsu, bai fi sa'an Hope ba, ya ce, "Mama, ki ja baya." Cikin ladabi ya faɗa, hannunsa a kan bindiga. Na ji tausayinsa, na kuma ji tsoronsa.

Abin da nake nema ɗaya ne. Kafin zaman kwamiti ka rubuta musu cewa taswirarka kuskure ce, ka janye sa hannunka. Lauyan da cocinmu ya samo mana ya ce in babu sa hannun safiyo, dole a sake awo.

Keziah


Legas
15 ga Fabrairu, 2023

Yapendo,

Muna lafiya, sai ƙaramar da ta yi zazzaɓi, ta warke. Na karanta wasiƙarki sau uku. Na koma na duba hotunan, gaskiyarki ce, duk na watan takwas da tara ne. Su aka ba ni, ban nemi wasu ba.

Amma abin da kika nema ya fi ƙarfina. Safiyon da ya ce aikinsa ƙarya ne ya gama aiki a garin nan, ba ofishin da zai sake ɗaukarsa. Na ɗan taɓa wa manajanmu maganar, ya dube ni ya ce an riga an miƙa fayil, in kula da abin da ke gabana.

Ga hanya mafi sauƙi, kuma ta fi tawa ƙarfi. Doka ba ta san sanda ba, takarda ta sani. Yanzu lokacin manoma ne, shukarsu tana ƙasa, kowa yana gani. Kawu Tobiya ya yi maza ya kafa ƙungiyar manoma, su nemi takardar mallaka da sunansu, su tsaya a kan cewa tun kaka da kakanni tasu ce. Kada su bar wurin ko kwana ɗaya kafin kwamiti ya zauna, domin fili in ya zama ba kowa a kai, maganar kamfani ta tabbata. In an ci nasara, sai su shirya da sauran a tsakaninsu. Na haɗo miki da samfurin takardar neman.

Ki yi haƙuri da ni, ina da iyali.

Abdulmuttalib


Kachalla Sembe
10 ga Afrilu, 2023

Abdulmuttalib,

Ina fatan yarinya ta ƙara jin sauƙi. Na daɗe ban rubuto ba domin ban so in rubuto da fushi. Na jira ya wuce, ya ƙi wucewa.

Laifin farko nawa ne. Na kai wasiƙarka Mutum Biyu na karanta wa Tobiya a gaban mutanensa, ina taƙama ɗanmu na Legas ya kawo dabara. Ya kamata in fara kiran Arɗo da Manasseh, ban yi ba. Wata tsohuwar malama da ta san Luggere tun tana goye, ta bi shawarar wanda bai taɓa taka wurin ba.

An girbe shinkafa a farkon watan uku, Tobiya bai kai sanda ba. Ya ce ɗan'uwanmu masani ya ce kada a bar wurin. Suka kafa bukkoki a cikin kara suna kwana. Arɗo Umaru ya jira mako ɗaya, ya jira biyu, shanunsa suna tsaye a tudu inda ko tsinke babu. Sai ya hau mota ya zo har gidana. Mutumin da ya girmi babanka ya zauna a tabarmata, ya ƙi shan ruwa. Ya ce, "Malama, mun ji an rubuta takarda, sunanmu ba ya ciki. Kamfani bai kore mu ba tukuna, Tobiya ya kore mu. Ni me na yi masa?"

Ranar ashirin da takwas ga watan uku samarin Fulani suka sako shanu da ƙarfi. Aka yi doke-doke, aka fasa wa ɗan Tobiya kai, aka sare ƙafar saniya biyu. Sojoji suka yi harbi sama, suka kori kowa, manoma da makiyaya duka. Yanzu ba mai shiga Luggere sai da izininsu, kuma an ƙaro musu mota guda. Jiya na ji wakilin kamfani a rediyo yana cewa wurin dama wurin rikici ne, zuwansu ne zai kawo zaman lafiya. Shekara saba'in ina duniya ban taɓa jin harbi a Luggere ba sai bana.

Na san da kyakkyawar niyya ka ba da shawara. Amma ka lura da abin da ka yi. Ka nemi hanyar da kowa zai motsa ban da kai. Kuskuren yana jikin takardarka, ka aiko mu mu gyara shi a jikin zumuncinmu.

Ni da matan Luggere, na coci da na masallaci, mun fara zaga gidaje. Muna so a rubuta ƙasar da sunan ɓangarori ukun tare, da watannin kowa, kamar yadda take a gaskiya. Lauya ya ce bai taɓa ganin irin wannan takarda ba, amma bai ga dokar da ta hana ba. Sai dai duk wannan ba shi da amfani muddin taswirarka tana cewa ba kowa. Kwamiti zai zauna ranar ashirin ga watan shida.

Keziah


Kachalla Sembe
19 ga Mayu, 2023

Abdulmuttalib,

Hope ta ce wayarka ta nuna ka buɗe wasiƙata tun ranar da aka tura. Ban san ko shirun na fushi ne ko na tunani ba. In na fushi ne, ka yi abinka, na saba da fushin yara.

Tobiya ya sauko. Da kansa ya ɗauki sanda da shinkafa ya kai rugar Arɗo, ya durƙusa. Arɗo ya karɓa, amma me zai yi da sanda alhali soja ya tare hanya? Maruƙansa goma sha ɗaya sun mutu. Ya ce zai jira zaman kwamiti in zai iya.

Ba zan sake roƙonka ba. Ina gaida Zulfa.

Keziah


Legas
13 ga Yuni, 2023

Yapendo,

Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara. Shirun ba na fushi ba ne. Na rubuta miki amsa ta fi sau biyar ina yagewa, domin kowacce in na karanta sai in ga wata dabara ce kuma ta kare kaina.

Na nemo hotunan sama na shekara goma, wata-wata, da kuɗin aljihuna. Na jera su a kwamfuta ina kallo. Ruwa ya zo, ruwa ya tafi, layukan kunya su bayyana, su ɓace, sai ɗigo-ɗigon shanu da hanyoyinsu. Kowace shekara haka, kamar numfashi. Duk yana nan tun farko, aikin yini ɗaya ne. Ban duba ba saboda ba a biya ni in duba ba. Zulfa ta tsaya a bayana tana kallo, ta ce, "To yanzu ka gani. Me za ka ce wa yaranka in sun tambaye ka garin kakarsu?"

Ranar Litinin ta makon jiya na rubuta wa kwamiti na janye sa hannuna, na haɗa da hotunan. Na aika wa lauyanku kwafi. Ranar Laraba aka karɓe katin shiga ofis daga hannuna. Kada ki yi murna da yawa: na ji an riga an ba wani abokin aikina fayil ɗin, kuma zai sa hannu, yana da iyali kamar yadda na ce miki ina da shi. Abin da muka samu shi ne yanzu akwai safiyo biyu da taswira biyu, dole kwamiti ya saurari duka.

Hoton sama kaɗai ba zai isa ba. Ana buƙatar wanda zai auna wurin da ƙafarsa a kowane lokaci na shekara, ya shata inda taru ke faɗawa, inda kunya take, inda burtali ya bi, da sunan kowane gida. Aikin shekara guda ne, kuma yanzu ba ni da wani aikin. Zulfa da yara za su koma Zariya wajen iyayenta. In Kawu Tobiya zai iya kallon fuskata, ina neman ɗaki a Mutum Biyu. Ina kuma so ki kai ni wajen Arɗo Umaru in ba shi haƙuri da bakina.

Ɗanki,
Abdulmuttalib


Kachalla Sembe
22 ga Yuni, 2023

Ɗana,

Wasiƙarka ta iso, na karanta, na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ka gaida mini Zulfa da kyau, ka ce ina so in ga wannan yarinya ido da ido kafin in mutu.

Kwamiti ya zauna shekaranjiya. Mun cika zauren, masunta da manoma da matan ruga, wasu a tsaye. Da lauya ya karanta takardarka, shugaban ya cire tabarau ya daɗe yana kallon hotunan. Ba su soke hayar ba. Sun ɗage magana zuwa shekara guda, sun ce a sake awo, kada a ja wayar shinge kafin nan. Sojoji suna nan inda suke, amma an ce su bar masunta su shiga in ruwa ya zo. Lauyan kamfani ya fita yana murmushi, saboda haka ban ce mun ci ba.

Tobiya ya share maka ɗakin da ke kusa da rumbu. Ya ce zai kalli fuskarka, tunda shi ma akwai masu kallon tasa.

Arɗo ne ba zan iya kai ka wajensa ba. Bai iya jira ba. Kwana tara kafin zaman ya tattara abin da ya rage na shanunsa da iyalinsa, suka nufi iyakar Kamaru. Gidaje huɗu sun bi shi, uku sun rage. Kafin ya tashi ya aika wa Manasseh sanda tun lokaci bai yi ba, da ƙwaryar man shanu, ya ce a yafe masa. An haife shi a tudun Luggere, iyayensa suna kwance a can. Na kira lambar ɗansa sau da yawa, ba ta shiga.

In da takardar nan da ka rubuta a watan shida a watan biyu ka rubuta ta, da yana nan. In da ni ma na riƙe bakina a gaban Tobiya, da yana nan. Na faɗa maka ne don ka sani, ba don ka tsaya kana cizon yatsa a Legas ba. Gidaje ukun da suka rage suna kallon abin da za mu yi, kuma sun ce in abin da ya faru bana ya maimaita kansa su ma za su bi shi.

Ka taho kafin ruwa ya rufe hanya. In ka zo shata burtali, ka fara da inda rugar Arɗo take, ka rubuta sunansa a kai ko da ba kowa a wurin.

Yapendonka,
Keziah